Laka a Cikin Ƙofar Mota

Kwanan baya wani matashi ya kawo mini mota nan ƙofar gida a unguwar Badariya, ya ce in saurara masa ita kafin ya saya. Na tambaye shi ko ya leƙa ƙarƙashinta. Ya ce ai an jona mata na'ura, na'ura kuma ta ce lafiyarta ƙalau. Na sa shi ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ya shinshina. Ya yi dariya, ya tambaye ni wai kanikanci ne wannan ko girki. Samarin yanzu suna ganin sana'ar nan ba ta wuce kwance noti da ɗaure noti ba, sayen tsohuwar mota kuwa ba ya buƙatar komai sai kuɗi da ido. Saboda su ne na ga ya kamata in rubuta yadda na koyi aikin, da kuma yadda na raka mahaifina sayen mota guda ɗaya da ya taɓa mallaka.

Na shiga gareji ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai. A lokacin motocin Birnin Kebbi ba su da yawa, muna gane kowace da kukanta tun kafin ta karyo kwana. Maigidana shi ne Malam Bulus, Kirista ne daga ƙasar Jos, a soja ya koyi gyaran mota. Garejinsa rumfar kwano ce guda ɗaya da rami a tsakiya, sai akwatin ƙarfe na kayan aiki. Shekarata ta farko ban taɓa inji ba. Aikina shi ne wanke notuna da kananzir, in jera su a kan buhu daidai yadda aka kwanto su. In na sauya wa guda ɗaya wuri, ba ya faɗa, sai dai ya juye su duka a ƙasa ya ce in sake.

Kayan aikinmu kaɗan ne: sifanoni, filaya, guduma biyu, jak, da wata doguwar sukudireba wadda Malam Bulus ya fi ji da ita. Yakan ɗora bakinta a jikin inji yana aiki, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ta nan ake jin abin da ke faruwa a ciki, kamar yadda malamin asibiti ke sauraron ƙirji. Na yi wata da watanni ba na jin komai sai guguwa. Daga baya kunne ya buɗe, na fara rarrabe ƙarar ƙarfen da ya sami mai da ta wanda ke kukan rashinsa. Kayan gyara kuwa daga Sakkwato ko Kano suke zuwa, sai an yi makonni ana jira, saboda haka ba a saurin cewa abu ya mutu. Da kwali muke yanka gasket, wato abin da ake sawa tsakanin ƙarafan inji don hana yoyo, mu bubbuga gefensa da ƙaramar guduma har ya fita daidai. Tankin mai in ya tsage a hanya, sabulu ake murzawa a toshe, ya kai mota gida.

Akwai wata babbar mota da ta ɗauko shinkafa daga Ambursa, tana tafiya tana mutuwa. Direban ya zo yana rantsuwa injin ya gama yawo, a sauke shi kawai. Malam Bulus bai yi masa gardama ba. Ya zagaya wajen tanki, ya zura waya a ɗan bututun da tanki ke shaƙar iska, ya zaro gidan zanzaro guda, ya kama hannun direban ya ɗora masa a tafi. Direban ya tsaya yana kallon ɗan curin ƙasar nan. Da ya tafi, maigidana ya ce mini mai mota ba ya son a fi shi sanin motarsa, don haka abin da za ka iya ɗora masa a hannu, kada ka faɗa masa da baki. Haka yake yi da kowa, daga direban kasuwa har Turawan da ke shirin komawa gida suna kawo motocinsu a gyara kafin su sayar.

Shekarar da aka yaye ni, bayan mulkin kai da kaɗan, ita ce mafi wuya da na gani a sana'ar. Damina ta yi ƙarfi, gulbi ya cika ya batse, hanyoyi suka yanke. Kusan wata uku ba babbar motar da ta shigo garejinmu. Muka koma gyaran keke da keken ɗinki da fitilar ƙwai, wata rana injin niƙa. Malam Bulus bai sallame ni ba, ko da yake ya riga ya yaye ni kuma ba abin da ke shigowa. Matarsa, Mama Saratu, takan aiko da tuwo a kwano ɗaya, mu ci tare a bakin rami. Ban manta wannan kwanon ba.

A gida kuma, can Augie, ruwa ya cinye shinkafar Baba kaf. Sunansa Malam Ummaru, noman shinkafa yake da damina, albasa da rani, kuma shi da kansa yake kai albasarsa kasuwannin Argungu da Birnin Kebbi a kan jakuna. A shekarar nan jakunansa biyu suka mutu, gwiwarsa ta dama kuma ta fara ƙin doguwar tafiya. Ya duba ya ga in bai sami abin ɗaukar kaya ba, sai dai ya riƙa sayar da albasa a bakin gona yadda masu saye suka ga dama. Sai ya sayar da shanunsa da ke hannun Fulani, duka, ya ce akori-kura zai saya, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya. Shanun nan su ne abin da ya tara tun yana saurayi. In motar ta ci amanarsa, babu wasu da za a sayar a sake.

Dole in bayyana wani abu a nan, don yaran yanzu ba su san shi ba. Ni ne ɗan farin Baba, kuma sunan mahaifinsa aka sa mini. Saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, ba ma zama a tabarma ɗaya, kuma ba ya yi mini magana kai tsaye in da wani a wurin. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar. To mutumin da ba ya iya kiran sunanka, yaya zai nemi shawararka? Ga yadda ya yi. Ya zo gareji ya gaisa da Malam Bulus, suka taɓa zancen ruwa da na gwiwa, sannan ya ce yana son a ara masa bakanike guda na yini ɗaya, za shi Argungu duba mota. Ina tsaye a cikin rami, kaina kawai ke waje. Malam Bulus ya tambaye shi wanne yake so, alhali mu biyu ne kaɗai a garejin.

Baba ya ce, "Wanda duk ba ka da buƙata."

Motar tana ƙofar gidan Ɗan Ige, taubashin Baba, dillalin shanu da dawaki wanda ya fara taɓa dillancin mota da ya ga zamani ya juya. Ta wani ɗan kwangila ce, ya bar ta a hannunsa. Da hantsi muka isa, muka tarar mutane sun taru, don Ɗan Ige ya riga ya shaida wa unguwa cewa yau Ummaru zai rabu da jaki. Koriya ce shar, fenti sabo, shimfiɗar ƙafa sabuwa, tayoyi an wanke su. Baba ya zagaya ta sau biyu yana dogara sanda. Ya danna bayanta ya saki, ya leƙa gabanta kamar mai duba haƙoran doki. Ɗan Ige yana biye da shi yana tsokana, wai ya yi hankali kada ya ɗaura mata akumari, kuma ba a ba ta dusa. Baba ya ce shi dai bai taɓa ganin abin kirki ya fito daga hannun Ɗan Ige ba, amma yau kamar Allah ya shirye shi. Daga jin haka na san motar ta shiga ransa. An riga an daidaita a kan kuɗi tun kafin mu zo. Abin da ya rage kawai a ce an saya, a ce an sallama.

Na sa ƙarfen tayar da inji na juya, bugu ɗaya ta tashi. Na ɗora sukudireba na saurara, inji yana tafiya sumul. Na zaro ma'aunin baƙin mai, na ga man fes, kamar yanzu aka zuba. Wannan ne ya fara tsayar da ni, don tsohuwar mota mai aiki ba ta da irin wannan tsabta. Na duba fitilar gaba, sai na ga wani siririn layi a cikin gilashin, ya ratsa shi a kwance, irin wanda ruwa ke bari a jikin randa. Na murza abin ɗaga gilashin ƙofa, ya yi ƙarar yashi. Na kwanta a ƙarƙashi, na kwance notin akwatin giya na tsoma yatsa. Abin da ya fito ba baƙi ba ne, fari-fari ne kamar kunun gyaɗa. Mai ne da ya gauraya da ruwa. Wanda ya gyara ta ya canza man inji, ya manta da na ƙasa.

Motar da ta nutse ba ta mutuwa rana ɗaya. Za ta yi maka wata biyu lafiya lau, sannan wayoyi su fara ruɓewa, birki ya kama, ƙarafan ciki su ci juna, yau wannan gobe wancan, har ka gaji ka jingine ta. Na san wannan sarai ina kwance a ƙarƙashinta. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan faɗa. In na fito na ce motar ba ta da kyau, na ce wa mahaifina a gaban jama'a bai iya gani ba, na kuma ce wa taubashinsa macuci. Na san halin Baba. Zai iya sayenta a kan hakan, don kada a ce ɗansa ne ya juya shi, ya je ya yi ta fama da ita shiru har ta cinye shi.

Na daɗe a ƙarƙashin har Ɗan Ige ya ce ko bakanike ya yi barci ne. Na fito, na buɗe ƙofar direba, na kwance sukurori huɗu na allon da ke rufe cikinta, na zura hannu har ƙasa. Na ji abin da nake zato. Na ɗebo cikin tafi, busasshiyar laka baƙa, ta daskare kamar gutsuren tukunya. Na je gaban Baba na durƙusa, na miƙa masa da hannu biyu.

Na ce, "Baba, ga wata ƙasa nis samu ciki. Ni ban san irinta ba."

Bai dube ni ba, amma ya karɓa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana noma a fadama, ba a gaya masa ƙasa. Ya murza ta da yatsa, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe. Ya sake murzawa, sai ga ɗan ƙaramin ƙoƙon katantanwa, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ɗaga shi ya duba a rana. Sannan ya tambayi Ɗan Ige, cikin natsuwa, ina mai motar ya yi aiki da daminar da ta wuce. Ɗan Ige ya ce jigilar duwatsu ya yi wajen wata kwalbati a cikin fadama. Yana faɗa, shi ma ya ji abin da ya faɗa.

Baba ya ce, "Ɗan Ige, mota nic ce ka nemo min, ba kihi ba. Wagga ta kwana gulbi, kuma ba kwana guda ba."

Aka fashe da dariya. Ɗan Ige ya karɓi lakar ya duba, ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi, don da saniya ce da ba a yi masa haka ba. Ya ce zai mayar da motar ga mai ita, in yana so ya kai ta bakin gulbi ya sayar wa masunta. Mutane suka yi ta cewa kai, Malam Ummaru ya san ƙasa, ba a rufe shi. Ba wanda ya dubi inda nake. Na mayar da allon ƙofar, na ɗaure sukurorina huɗu, na goge hannu.

Sai dai ƙin mugun ciniki ba ya kai albasa kasuwa. Aka yi mako uku ba mota. An riga an cire albasa, tana jibge a rumfa, zafi yana ƙaruwa, ta ƙasa ta fara laushi. Masu saye suka fara zagayowa gona suna taya ta da wulaƙanci, don sun san ba shi da abin ɗauka. Ƙanwata ta aiko mini cewa Baba kullum da safe sai ya juya tarin da hannunsa, ya ware ruɓaɓɓu. Ni na hana shi waccan motar, ban kuma ba shi wata ba.

Malam Bulus ne ya kawo mafita. Akwai wani kafinta a Birnin Kebbi, Malam Istifanus, mutumin ƙasarsu ne, tsufa ya kama shi yana shirin komawa gida, yana kuma da akori-kura da yake ɗaukar katako da ita. Na san motar kamar tafin hannuna, don a garejinmu ake duba ta tun ina wanke notuna. Amma ba ta da kyan gani ko kaɗan. Fentin ya koɗe har ba a san launinsa na asali ba, gefe ɗaya ya loɓa, ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Na ce wa maigidana mutumin da aka nuna wa koriya shar ba zai kalli wannan ba. Ya ce in bari dattijo ya gani da idonsa.

Ranar da Baba ya zo, ko zagaya motar bai yi ba. Ya dube ta sau ɗaya, ya wuce rumfar aikin Malam Istifanus, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa. Suka yi ta hira a kan tsufa da ciwon gwiwa da nisan gida. Ina daga waje ina ganin idon Baba yana yawo. Ya dubi zartuna a rataye, kowane a kan ƙusarsa. Ya nemi a miƙo masa guda, ya shafa ruwan zarton da yatsa, ya ga mai. Ya dubi awakin gidan da kwanon ruwansu. Ya tambayi Malam Istifanus wa ke tuƙa motar, ya ce shi kaɗai, ko ɗansa bai taɓa ba wa ba. Ni duk na ɗauka ɓata lokaci ake yi.

Da suka fito, Baba ya ce wa Malam Bulus mutumin da ke shafa wa zarto mai ba ya barin abin hawansa da ƙishirwa, haka yake sayen jaki tun yana yaro, mai shi yake dubawa kafin dabbar. Sannan ya ce, yana kallon maigidana, "To, bakanikenka mi yac ce?"

Na amsa wa Malam Bulus, ba Baba ba. Na ce jiki ya tsufa, tana son sifirin guda a baya da sabon kuloci, ƙofa kuma aikin yini ɗaya ce. Amma injin sau biyu na buɗe shi da hannuna, na san abin da ke ciki. Malam Bulus ya maimaita wa Baba maganar kalma bayan kalma, kamar da wani harshe na yi ta, yana ƙoƙarin danne dariya. Baba ya gyaɗa kai. Bai yarda a ƙulla cinikin ranar ba, sai da ya aika Argungu aka kira Ɗan Ige ya zo ya tsaya a matsayin dillali, don kada a ce an yar da shi. Ɗan Ige ya zo, ya dubi motar, ya ce lalle Ummaru ya sami sa'arsa, su biyun ba a san wanda zai riga wani kwantawa ba.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo ni duba tsohuwar mota, sai na nemi a kai ni gidan mai ita. Na duba ɗaruruwa a tsawon aikina, kuma abin da na gani a tsakar gida bai cika saɓa wa abin da na tarar a cikin inji ba. Kunne da hannu Malam Bulus ya ba ni, wannan kuwa daga Baba na samu, ban kuma biya ko ɗayansu abin da ya kai ba.

Kwana huɗu muka yi a kanta ni da maigidana, bai karɓi ladan aiki ba. A rana ta biyar na tuƙa ta zuwa Augie, washegari muka loda albasa tun da sassafe, muka kama hanyar Argungu, Baba yana gefena yana kallon gaba. Wannan ne karo na farko da muka zauna a kujera ɗaya. A hanyar akwai wani mashigi da ruwa ba ya ƙafewa ko da rani, na kuma ƙetare shi sau da yawa da motocin mutane, na san bai kai gwiwa ba. Na rage gudu zan shiga, sai Baba ya ɗaga hannu. Na tsaya.

Ya buɗe ƙofa ya sauka da kyar, ya cire takalma ya ajiye a kan kujera, ya naɗe wando, ya ɗauki sandarsa. Ya shiga ruwan yana ɗingishi, yana caka sanda dama da hagu, yana neman inda ƙasa ta fi tauri. Wasu mata masu wanki suka tsaya suna kallo. Da ya kai tsakiya, ya tsaya, bai waiwayo ba, ya yi magana da ƙarfi kamar da matan yake.

"A gaya ma direba ya biyo sawuna. Kada ya yi sauri."

Na sa giya ta ɗaya, na shiga ruwan a hankali, buhunan albasa suna motsi a baya. Na bi shi taku bayan taku, daidai tafiyar tsoho mai ciwon gwiwa, har muka hau tudu.